Idan makanta na bin gidanku, ga yadda za ku tare ta tun da sauran gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar nan ta mutanenmu ce na karkara, musamman wanda ya haura shekara 40 ko yake da iyaye da yayye da suka haura, don akwai gidajen da in ka duba za ka ga kaka ya makance kafin ya rasu, uba ma ido ya tafi, ga baffa ana jan sa da sanda zuwa masallaci, amma kowa sai ya ce tsufa ne, ko a ce ai ciwon ido sai haƙuri. Ni kam ban yarda da haƙurin nan ba in dai ana nufin a naɗe hannu a zauna. Tsufa shi kaɗai ba ya makantar da mutum, cuta ce ke makantarwa, kuma wasu daga cikin cututtukan nan a jini suke, ana gadonsu. Ina aikin lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ringim, abin da nake gani kullum shi ne mutane ba sa zuwa sai ido ɗaya ya riga ya mutu ɗayan ma ya kusa, a lokacin kuma babu abin da likita zai iya dawo da shi, wallahi abin yana ci min rai.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin idon, don in mutum ya gane wannan sauran ba za su yi masa wuya ba. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri da ake kira retina, shi ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo, sai jijiyar gani ta ɗauka ta kai wa ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan zare-zare ce sama da miliyan 1 a haɗe, kuma duk zaren da ya mutu ya mutu kenan, ba ya sake tsirowa. Shi kuma tantanin yana cikin sassan jikin da suka fi cin iskar oksijin, ba ya jure yankewar jini ko na ɗan lokaci, shi ya sa Allah ya yi masa hanyoyin jini biyu, ɗaya ta shigo ta tsakiyar jijiyar gani ta bazu a samansa, ɗaya kuma shimfiɗa ce ta ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashinsa. Jijiyoyin jinin nan suna da wata baiwa, in jini ya hau sai su ɗan tsuke, in ya sauka sai su buɗe, don abin da ke isa ga tantanin ya tsaya daidai ko kana gudu ko kana barci. To shekaru da hawan jini da suga da taba su ne ke lalata wannan baiwar, jijiyoyin su sandare su daina amsawa.

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko fadamun Haɗejia zai gane zancen nan da sauri. Inji ne ke turo ruwa ta cikin tiyo, in injin ya yi rauni ruwa ba zai kai ƙarshen gona ba, in ya yi ƙarfi fiye da kima ya fasa tiyon, in kuma wani abu mai nauyi ya danne tiyon to ko inji lafiyarsa ƙalau shukar ƙarshen gona ce za ta fara bushewa. Zuciya ce injin, jijiyoyin jinin ido su ne tiyon, abin da ke dannewa kuma shi ne matsin ruwan cikin ido. Ido yana samar da wani ruwa garau a cikinsa kullum, wanda ba hawaye ba ne, yana fita ta wata 'yar matata a gefen baƙin ido, in matatar ta fara toshewa sai ruwan ya taru matsi ya hau. Matsin lafiyayyen ido yawanci tsakanin 10 zuwa 21 yake a ma'aunin likitoci. Cutar da ke cinye jijiyar gani ta wannan hanyar ita ce gilakoma, wadda muke ce wa hawan jinin ido, kuma ku sani mutum yana iya kamuwa da ita alhali bai da hawan jini ko kaɗan, har ma akwai wanda matsin idonsa bai wuce 21 ba amma jijiyar tana lalacewa, su irin waɗannan ana ganin rashin isar jini yana da hannu sosai a lamarinsu.

Yanzu maganar gado. An yi babban bincike na ƙasa baki ɗaya a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, aka duba idon mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, aka samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, yanar ido ce kan gaba, gilakoma na bi mata. Kusan mutum 5 cikin kowane 100 na ɗauke da gilakoma, cikin masu ita kuwa waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma 1 cikin 5 ya riga ya makance. Ku tsaya ku yi tunanin wannan, a sahun sallar Juma'a na ƙauye ɗaya mutum nawa kenan. Cutar ta fi kama baƙar fata, ta fi kama mu da wuri, ta fi kuma saurin kai mu ga makanta. Wani bincike da aka yi a garin Rotadam na ƙasar Holan ya nuna wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ke da ita, haɗarin ya kamu a tsawon rayuwarsa ya kai kusan kashi 22 cikin 100, wanda babu ita a gidansu kuwa kashi 2 da 'yan kai ne. Wani da aka yi a Baltimo ta Amurka kuma ya nuna in yayanka ko ƙaninka ne ke da ita haɗarin ya ma fi na wanda iyayensa ne ke da ita.

Masana sun gano wasu ƙwayoyin gadon da sunansu. A 1997 aka gano wadda ake kira MYOC, ita in ta lalace tana toshe matatar nan, tana iya kama mutum tun yana saurayi, kuma uba ko uwa mai ɗauke da ita kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne ya gada ko bai gada ba, sai dai masu irin wannan kaɗan ne cikin masu gilakoma. Akwai CAV1 da ke da hannu wajen buɗewa da tsukewar jijiyoyin jini, a 2019 kuma wani bincike da ya haɗa da 'yan Najeriya da Gana da Afirka ta Kudu ya gano wata mai suna APBB2 a jikin baƙar fata. Amma mafi yawan mutane ba ƙwaya ɗaya ce ke ja musu ba, ƙanana ne da yawa suke taruwa, sannan shekaru da yanayin rayuwa su ɗora nasu. Akwai kuma wata cutar tsufa da ke cin tsakiyar tantanin, wurin da muke karatu da gane fuska da shi, ita ma gado na da ƙarfi a cikinta, a 2005 aka gano ƙwayar CFH da ke ƙara haɗarinta, ita ta fi damun Turawa amma mu ma ba mu tsira ba, musamman masu shan taba. Na kawo sunayen nan ne don ku san maganar gadon ba camfi ba ce, ba don wani ya je yana neman gwajin ƙwayoyin gado ba, wannan gwajin ba shi muke buƙata ba kuma ko an yi ba zai canza abin da ya kamata ka yi ba. Gwajin da ke hannunmu kyauta ne, shi ne tarihin gidanku.

To aikin farko kenan, ka samu dattawan gida ka zauna da su, kuma ba a yi wa manya irin wannan tambayar gatsau. Ka bari sai bayan la'asar ko bayan cin tuwon dare ana hira, ka ce, Baba Allah ya ƙara lafiya, wai marigayi Malam da idonsa ya rasu kuwa? Ko ka ce, Inna dan Allah a ɗakinku akwai wanda ido ya ba shi matsala da girma ya zo? Goggonni da iyaye mata sun fi riƙe irin wannan labarin, su za su gaya maka wance ai shekara goma ta yi a ɗaka ba ta gani. Kada ka tsaya a dangin uba kawai yadda muka saba lissafin zuri'a, gadon ido ta ɓangaren uwa ma yana zuwa daidai wa daida, don haka kawunnai da innoni duk suna cikin lissafi. In gidanku da kishiyoyi ka bambance 'yan ɗakinku da 'yan uba, waɗanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya su ne labarinsu ya fi shafarka, amma 'yan uban ma a rubuta su.

Ba sunan cutar za ka tambaya ba don ba su sani ba, yadda abin ya faru za ka tambaya. Yana da shekara nawa ido ya fara? A hankali ya tafi ko dare ɗaya? In ka kalli idon akwai fari a tsakiya ko kuwa garau yake amma ba ya gani? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, don fari a tsakiyar baƙin ido yawanci yana ce, ita kuwa ana cire ta a asibiti gani ya dawo, amma in aka ce maka ido a buɗe tar kamar na mai gani, mutum yana ta karo da ƙofa da turmi da dabbobi ta gefe kafin daga baya abin ya rufe gaba ɗaya, to ka sa alamar gilakoma. In aka ce yana iya yawo ko'ina amma ba ya gane fuskar mutum ba ya iya karatun allo, wannan tsakiyar tantani ce. In gashin ido ne ya juya ciki yana soka har hakiya ta rufe, wannan amosanin ido ne, ƙwayar cuta ce da ƙuda da ƙarancin ruwa ke yaɗawa, ba gado ba ce ko da ta kama gida guda. Ka tambayi masu suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da sikila su ma. Ka rubuta duka a takarda, da boko ko da ajami duk ɗaya ne, ka ajiye tare da katin asibitinka.

In ka samu ko mutum ɗaya na jini da ake zargin gilakoma, kai da duk 'yan ɗakinku ku je a duba ku daga shekara 35 zuwa 40, in kuma shi wancan tun yana matashi abin ya same shi kada ku jira, ku je yanzu har da samari da 'yan mata. In ba kowa a gidan ma shekara 40 ta isa a fara. Kuma ga wata dama da muke zubarwa, daidai wannan shekarun ne karatu ke fara yi wa mutum wuya, ya riƙa nesanta Alƙur'ani ko waya da fuskarsa, sai ya je kasuwar Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis ya gwada tabarau a tire ya sayi wanda ya yi masa. Tabarau ɗin ba laifi ba ne, zai taimaka wajen karatu, amma mai tire ba ya auna matsin ido ba ya leƙa jijiya, mutum sai ya ga ya warke alhali abin yana ci ta gefe. Ranar da ka ji kana buƙatar tabarau ɗin karatu, ranar ce ya kamata ka shirya tafiya asibitin ido.

Wuraren zuwa muna da su Alhamdulillahi. A Kano akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari wanda tun 1943 yake aiki, akwai asibitin ido na Makkah, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala, a Jigawa akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna in an tura ka. Ka yi sammako, ka tafi da wani, kada ka ce za ka tuƙo babur da kanka ka dawo, don za a ɗiga maka maganin da ke buɗe ƙwayar ido, gani zai yi dishi-dishi rana ta riƙa kashe maka ido na wasu awanni, ba lalacewa ba ce zai washe. Da ka zauna gaban likita kafin komai ka ce, likita a gidanmu akwai makanta, ka miƙa takardar nan. Ka tabbatar an yi abu uku ko ka tambaya, an auna matsin ido, an leƙa jijiyar gani da tantanin bayan ido da fitila, in kuma da zargi a yi gwajin faɗin gani, wanda za ka sa kai a na'ura kana danna maɓalli duk sanda ka ga ɗigon haske. Karanta allon haruffa kawai bai isa ba, mai gilakoma yana iya karanta layin ƙasa tsaf alhali rabin jijiyarsa ta tafi. Ka roƙa a rubuta maka lambar matsin kowane ido a katinka. In an ce lafiya lau, ka koma bayan shekara 1 ko 2 yadda likita ya ce, ba a yin wannan awon sau ɗaya a ce an gama.

A gida kuma akwai ɗan gwajin da ba ya cin ko sisi, lokaci-lokaci ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka kalli ƙofar ɗaki ko layin rubutu, sannan ka canza. Mutane da yawa ba sa sanin ido ɗaya ya tafi saboda ɗayan yana rufa masa asiri. In ka ga miƙaƙƙen layi ya karkace, ko wani duhu a tsakiya, ko ido ɗaya ya fi ɗaya rauni, ka tafi. Amma wannan ba ya maye gurbin awon asibiti fa, gilakomar farko ba ta nuna kanta a irin wannan gwajin.

Sai kula da jinin da ke ciyar da idon, wanda nan ne abin yake hannunmu sosai. Ka riƙa auna jininka a ƙaramin asibitin garinku, in ana samun 140 bisa 90 ko sama a kai a kai to hawan jini ne ko ba ka jin ciwon kai, kuma maganinsa ba a shan sa sai ranar da kai ya sara, kullum ne. Hawan jinin da aka bari yana sandarar da jijiyoyin ido, yana iya toshe ɗaya daga cikinsu mutum ya wayi gari ido ɗaya ya yi duhu. Amma akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba, jini ya sauka ƙasa sosai shi ma matsala ne ga mai gilakoma, musamman da dare lokacin barci da jini ke sauka da kansa, don a lokacin ƙarfin da ke tura jini cikin ido ya ragu matsin ido kuma yana nan. Shi ya sa mai gilakoma da ke shan maganin hawan jini ya kamata likitan ido ya san abin da yake sha, likitan hawan jini ma ya san yana da gilakoma, su za su tsara lokacin shan. Kada wani ya karanta wannan ya daina magani ko ya rage da kansa, ban ce haka ba, kuma kada a riƙa karɓar ƙwayar maƙwabci ana haɗawa da ta asibiti.

Mai ciwon suga irin na manya, ranar da aka gano cutar ya kamata a tura shi a leƙa bayan idonsa, sannan duk shekara, don suga yana sa ƙananan jijiyoyin su riƙa yoyo suna toshewa tun kafin mutum ya ji komai, in an kama da wuri akwai leza, wato aikin da ake yi da wani haske mai ƙarfi, akwai allura. Masu sikila ma haka, jinin da ya lanƙwashe yana toshe jijiyoyin gefen tantani, kuma abin mamaki masu nau'in sikilar da ake kira SC da ba su cika kwanciya ciwo ba su ne ido ya fi kamawa fiye da masu SS, duk da dai mu nan Arewa SS ɗin ta fi yawa. Yaro mai sikila daga shekara 10 a fara duba masa bayan ido. Tunda yanzu ana gwajin jini kafin aure, har Kano ta mayar da shi doka a 2024, a adana takardar sakamakon, tana da amfani bayan biki ma.

Taba kam babu wani zagaye-zagaye, sigari da shisha suna tsuke jijiyoyin jini, suna ninka haɗarin lalacewar tsakiyar tantani, suna gaggauta yana, wanda ya gaji rauni a ido ya ɗora taba a kai ya haɗa wa kansa biyu. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da ake zubawa a miya uku huɗu shi ma gishiri ne, iyayenmu mata a rage a ƙara daddawa. Ganye kuwa Allah ya hore mana, zogale da rama da alayyafo da lalo da yakuwa, ga wake ga kifin Haɗejia, waɗannan sun fi ƙwayoyin ƙarin lafiya masu tsada da ake tallatawa a waya ana cewa suna warkar da gilakoma, babu wanda ke warkar da ita cikinsu. Manomi ya sa malafa, mai girki ta fito da murhu inda hayaƙi zai fita.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonku da babbar murya, maganin ɗigawa na kemis. Lokacin ƙura da zafi yara da manya suna fama da ƙaiƙayin ido, sai a je kemis a ba da ɗigo mai ɗauke da wani sinadari da ake kira sitiroyid, irin su deksametason da betametason, ana ɗigawa ido ya yi fari ƙaiƙayi ya tsaya, sai a mayar da shi abin kullum wata da watanni. Wannan maganin yana ɗaga matsin ido a jikin wasu mutane, kuma 'yan gidan masu gilakoma da ƙananan yara su ya fi yi wa haka, yana kuma kawo yana. Haka ƙwayoyin sa ƙiba da ake ce wa sha ka fashe, da yawansu akwai sitiroyid a ciki, da wasu mayukan bilicin da ake shafawa har fatar ido. Duk ɗigon da likita bai rubuta ba kuma bai faɗi ranar dainawa ba, a bar shi. Ruwan albasa, nonon mai jego, fitsari, ruwan ganye, babu wanda ya kamata ya shiga ido. Masu zagaya ƙauyuka suna soke yana da tsinke su ma a guje su, binciken ƙasa da na ambata ya samu sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana irin wannan sukan aka yi musu, kuma mafi yawansu a makance aka same su, alhali aikin asibiti ɗan lokaci ne a sa sabon gilashi a cikin idon.

To in an auna an ce kana da ita fa? Kada hankalinka ya tashi, wanda aka kama da wuri kuma ya riƙe magani yawanci yana ƙare rayuwarsa da ganinsa. Sai dai ka san gaskiya tun farko, maganin ba ya ƙara gani, tsare wanda ya rage yake yi, saboda haka kada ka ɗiga wata biyu ka ce ban ga canji ba ka watsar, rashin canjin shi ne aikin. Wanda aka fi bayarwa akwai timolol, yawanci safe da yamma, mai asma ko mai ciwon zuciya lallai ya faɗa kafin a rubuta masa shi, akwai kuma latanofros sau ɗaya da dare. Yadda ake ɗigawa, ka wanke hannu, ka ɗaga kai, ka ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya tak ya isa kada bakin kwalba ya taɓa ido, sai ka rufe idon ka danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa kamar minti 2, wannan yana hana maganin gangarawa maƙogwaro ya shiga jiki. In kala biyu ne a bar minti 5 tsakani. Tsoho mai rawar hannu a ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin ɗiga masa, jika ko suruka, a haɗa shi da sallar asuba da magariba don kada a manta.

Latanofros ba ya son zafi, wanda ba a buɗe ba firij yake so, mu kuwa ga zafin bazara ga rashin wuta. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, tana taimakawa, a ƙulle kwalbar a leda kada ruwa ya taɓa ta a sa a ciki, ko a ajiye a gindin randa, ba a aljihu ko saman taga ba, kuma kada a sayi na wata da yawa a tara. Da azumi mutane da yawa suna ajiye magani wata guda cur, wannan hasara ce da ba ta dawowa. Malamai sun yi saɓani kan ɗigon ido da rana, a mazhabarmu ta Malikiyya akwai magana in ya kai maƙogwaro, to hanya mai sauƙi ita ce a ɗiga da sahur da bayan shan ruwa, ka tambayi likitanka ya daidaita maka. Kuma mai gilakoma kada ya kwankwaɗi ruwa kofi huɗu biyar a tashi ɗaya, yana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci, a sha kaɗan-kaɗan.

In likita ya kawo maganar aiki ko leza kada a gudu. Na san abin da ake faɗa, wane an yi masa aiki bai gani ba, amma yawanci irin waɗannan sun je ne bayan jijiya ta ƙare, kuma aikin gilakoma daban yake da na yana, shi sabuwar hanyar fitar ruwa ake buɗewa don matsi ya sauka. Ga mutumin ƙauye da kuɗin ɗigo duk wata ke yi wa nauyi, ga nisan asibiti, a ganina sau da yawa aikin ya fi masa rufin asiri, a dai zauna da likita a tambaye shi dalla-dalla.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran ranar kasuwa ko sai an sayar da amfanin gona. Gani ya ɗauke farat ɗaya a ido ɗaya ko ba zafi, ko ya ɗauke na 'yan mintuna ya dawo, wannan yana iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki, a tafi asibiti a ranar. Haka walƙiya a cikin ido da baƙaƙen abubuwa masu yawo da suka ƙaru kwatsam, ko duhu ya sauko ta gefe ɗaya, ko ido ya yi ja da azabar ciwo har da amai. Jariri kuma mai manyan idanu fiye da kima, yana yawan hawaye yana gudun haske baƙin idon ya yi hazo, kada a ce kyau ne, akwai gilakomar da ake haihuwa da ita, ta fi fitowa inda ake auren zumunci, kuma aiki take so da gaggawa.

Wanda duk aka tabbatar masa da cutar, nauyi ya hau kansa na sanar da 'yan uwansa, kada a ɓoye don tsoron a ce gidan wane da makanta a ƙi auren 'ya'yansu. Ka kira yayanka da ke ci-rani a Legas, ka aika wa ƙanwarka da ke aure a Gumel ko Ɗambatta, ka yi wa mijinta bayani da kanka don ya bar ta ta je ya kuma ba ta kuɗin mota, in hali ya yi ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota ɗaya bayan girbi ku je tare, kowa ya riƙe katinsa da lambar matsin idonsa da ranar da aka ce ya koma.